Neman Karbon a Damasak

Tun da na dawo daga Damasak ban huta ba. In na je famfo, tambaya. In na zauna bakin tirena na tattasai a kasuwa, tambaya. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci sun fi kowa, har malamarmu sai ta ajiye alli ta ce, "Ya Hajara, wai da gaske sai da aka kai ki gaban sarkin kasuwa?" Na gaji da farowa daga farko. To ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta, mai fashin aji ta je ta nemi mai karanta mata, ni ba rediyo ba ce.

Maigidana, Baban Fanna, da ɗan kabu-kabu ne. Shekarar da aka hana hawa moto, wato babur, a jihar nan ya jingine nasa a zaure ya koma keke, baƙin keken ƙarfe irin na da, mai kariyar ɗaura kaya gaba da baya. Da shi yake ɗauko buhunan tattasai daga gonakin bakin kogin Komadugu zuwa cikin Diffa, kuma yawancin kayan na Alhaji Mele ne, wani mai gona da ya saba da shi. Da wannan keke da tirena muke ci.

A ƙarshen damina furshin keken ya karye. Ga wadda ba ta sani ba, furshi shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Ya karye ne a cikin yashin da ke gangaren kogi, Baban Fanna ya tafi da fuska, buhu ya biyo shi ta ka. Goshi ya goge, haƙori ɗaya ya yi sallama da mu. Ciwo ya warke, amma mutum bai tashi ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna mini.

Wadda mijinta bai taɓa wuni a gida ba, ta gode wa Allah. Namiji in ya rasa abin yi, sai ya gano matarsa ba ta iya shara ba. Ya gano ina yawan gishiri. Ya gano kazarmu tana da damuwa. In na matsa inuwa ya jawo tabarma ya biyo ni. Wata rana na juyo na same shi yana shinshina tukunyata, ya ce, "Kukar nan ta bara ce ko?" Na riƙe muciya na yi ta salati.

Mai walda ya ce a kawo ya liƙa. Baban Fanna ya ƙi. Masu kanti suna da sabon furshi ɗan China. Ya ƙi. Ya ce, "Ƙarfe ya ci amanata. Ba ni sake hawa keke sai da furshin karbon."

A fada ya kwaso wannan magana, wurin da suke taruwa shan shayi. Wani ya nuna musu a waya Turawa suna tsere, mutum ya ɗaga keke da yatsa ɗaya. Daga ranar fada ta rabu biyu, 'yan karbon da 'yan ƙarfe, alhali a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin karbon da idonsa. Wani ya ce da gawayi ake yin sa. Wani ya ce daga fiffiken jirgin sama ake yanko shi. Wani tsoho ya rantse ƙashin raƙumi ne aka shafa wa baƙin fenti.

Ana cikin haka Alhaji Mele ya aiko. Tattasai ya fara ja. In aka fara tsinka keken bai fito ba, zai ba wani dakon, kuma kowa ya sani dako in ya koma hannun wani ba ya dawowa. Sai na kira Ya Falmata, yayar maigidan da ke Damasak, na ce ta bincika mini. Ta kira ta ce akwai wani mai kayan keke a kasuwarsu da ya rataye irin abin a bango.

Na gaya wa Baban Fanna. Ya ce, "Hanya ba kyau."

Na ce, "A wurina tana da kyau."

Ya ce, "Mace ba ta san kayan keke ba."

Na ce, "Ai ga namiji ya san kuka."

Da safe na naɗe karyayyen furshin a tsohon zane don in gwada da shi, na sa katin dantite, wato katin shaida, a lalita, na nufi tasha.

Motar da na samu mai buɗaɗɗen baya ce, kuma ta girmi direbanta. Aka loda mu kamar itace. Kusa da ni wata mai bandar kifi ce, Yagana, mutuniyar Bosso da rikici ya zaunar a Assaga, kwalayenta suna ƙamshin hayaƙi har cikin ido. Ta dubi ƙafafun ƙarfen da suka leƙo daga zanena, ta dube ni, ta ce, "Wannan kuma na wa?"

Na ce, "Na mijina."

Ta jinjina kai ta ce, "Nawa da taɓarya na yi masa, amma kowa da irin nasa."

Ban gyara mata ba. Na ji daɗin yadda ta fara girmama ni.

A gabana wani dattijo makiyayi ne ya zauna, dogo, da farin rawani kamar an ɗora masa ƙwarya. Mota ta faɗa rami, na yi sama, furshi ya yi gaba, ya saƙale bakin rawanin. Da na ja sai rawani ya fara warwarewa. Iska ta kama shi, ya miƙe a bayan mota kamar wutsiya, yara a gefen hanya suna ɗaga mana hannu. Dattijon ya miƙa hannu ya kama rawanin. Ya jawo abinsa kamu-kamu, ya naɗa a hankali, idonsa a kaina har ya gama. Sannan ya tashi ya koma kan kwalayen kifin Yagana ya zauna. Mutum ya zaɓi warin banda a kan zama kusa da ni, wannan ko a gida ba a taɓa yi mini ba.

A shingen sojoji kun san yadda ake yi. Mota ta tsaya nesa, kowa ya sauko, a jera a taka da ƙafa, kati a hannu. Da layi ya zo kaina sai wani matashin soja ya ɗaga hannu.

"Maman, ajiye abin nan a ƙasa ki ja baya."

Na ajiye na ja baya. Mutanen motarmu suka ja fiye da ni, har Yagana. Ya sa bakin takalmi ya buɗe zanen. Ya daɗe yana kallo.

"Maman, ina za ki da karyayyen furshi?"

Na ba shi labari, ban rage ba, har da kukar bara. Da na ambaci karbon sai ya kira abokinsa, wai shi ya taɓa ganin keken tsere a Yamai. Abokin ya ce karbon ya fi, in ka hau kamar kana bisa gajimare. Na farkon ya ce gajimare ba ya ɗaukar buhu. Abokin ya ce kai ƙauye ya yi maka yawa. Suka manta da mu. Mota guda tana tsaye a rana ana gardamar keken mutumin da ke kwance a inuwa a Diffa. Direba ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Hajiya, don girman Allah ki ce musu kin zaɓi ɗaya mu tafi."

Na ce da ƙarfi sai na gani tukuna. Suka yarda wannan hankali ne, aka sake mu.

Muka bar kwalta muka gangara bakin kogi. Ruwa ya cika, ja kamar kunun kanwa. Jirgin katako ne, an toshe ramukansa da tsumma da kwalta. Aka sa buhuna, aka sa kwalayen Yagana, aka sa wani rago, sannan aka sa mu. Mai jirgin ya ce in kwantar da ƙarfena kada in huda masa jirgi. Na dubi ruwan da ke shigowa ta ƙasan ƙafata na ce ai an riga ni. Ya miƙo mini yankakken bido, wato jarka, ya ce in taya kwarfar ruwa.

Wayon mutumin nan, ba ya karɓar kuɗi a gaɓa. Sai an kai tsakiyar ruwa yake ajiye sanda ya miƙo hannu. Ni kuwa ko allura ba na saye sai na taya. Ya faɗi kuɗinsa, na buɗe baki zan ce ya rage, jirgi ya karkata, na ga ruwa ya zo daidai bakin katako, na tuna ban iya iyo ba ko a kwano. Na biya. Ragon ya dube ni ya yi fitsari a gefen zanena. Yagana ta ce sa'a ce. Na ce ta zo ta ɗauki rabi.

A ƙetare ma'aikatan kan iyaka suka tare mu ƙarƙashin wata rumfa. Wanda ya duba katina ya ce mini Madam. Ni da jikoki, Madam. A bayansa akwai babban allo da rubutu, ni kuwa tun da na iya karatu ba na wuce allo ban karanta ba. Na tsaya na karanta shi tas, harafi bayan harafi, da murya, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ingilishi ne. Ashe karatun nawa ma bai iya iyo ba, a wancan gaɓar ya tsaya.

Ku da kuke tambaya ko mutanen can daban ne, ba daban ba ne. Fuskokin namu ne, sunayen namu ne, Barbarcin ma shi ne, gaisuwa sai an tambayi lafiyar kowa har akuya. Amma suna da abubuwa. Burodinsu ba irin dogon namu mai ƙarfi ba ne, wani lallausa ne mai zaƙi, in ka matse shi a hannu sai ya ɓace. Shayi kuma, mu da muke sha a ƙaramin kofi mai ɗaci har ya buɗe ido, su a wata ƙatuwar moɗa suke zubawa da madara, ka sha har ka gaji, ba ka san ko shayi ka sha ko wanka aka yi maka ta ciki ba. Furshi ma fok suke ce masa. Kuma kowane yaro mai ɗan gemu sai an ce masa Oga.

Ya Falmata ta zo da kanta ta tarye ni. Lokacin da aka watse daga Damasak a gidanmu ta zauna da 'ya'yanta, shekaru, ɗakina muka raba da labule. Ni ban ɗauki wannan komai ba, yayar miji ce, ina za ta? Ashe ita ta riƙe. Ta ba ni gadonta. Ta turara ɗakin da turaren wuta har na daina ganin ƙofa, ina tari tana ƙara garwashi. Ta kawo burabusko da miyar kifi, na ci na ƙoshi na wanke hannu. Sai ga sallama. Maƙwabciya ta aiko da kwano, wai a kai wa matar da ta riƙe Falmata. Kafin in rufe shi ga wani. Ashe ta zagaye unguwa da labarina. Kuma a can in aka aiko da kwano ba a mayar da shi yadda ya zo, sai an ga gurbin hannunka, mai kwanon kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana jira. Na ci shinkafa, na ci tuwo, na ci ɗanwake, na ci wani abu da har yau ban san sunansa ba. Na ce, "Ya Falmata, in bashi kike biya, kin wuce, yanzu fansa kike ɗauka."

Ta yi dariya ta zauna kusa da ni. Ta tambayi ƙanenta, na ba ta labarin tabarma da rantsuwar karbon. Sai ta ce, "Yana yaro, in ba ya son zuwa kiwo, ba ya cewa ba zai je ba. Sai ya ce sai an samo masa sandar da ba ta da gaɓa."

Na ce yanzu ai ya tsufa. Ta ce, "To." Cikina ya yi nauyi, ban bi maganar ba.

Washegari muka shiga kasuwa. Mai kayan keken sunansa Modu, amma Injiniya ake ce masa, don ya taɓa zama Legas. Rumfarsa cike da tayoyi da sarƙoƙi da sirdi. Can sama a bango ga abin, an naɗe shi a leda kamar kayan lefe. Ya ce a cikin kekunan gwanjo da aka kawo daga Yerwa ya zo, jikin keken ya lotse a mota, fok ɗin kaɗai ya tsira. Ya hau kujera ya sauko da shi ya miƙo mini.

Na gyara tsayuwa na tattaro ƙarfi kamar zan karɓi ƙarfe. Abin ya tashi da hannuna ya kusa buga mini goshi. Ludayi ya fi shi nauyi. Baƙi ne, yana sheƙi, a cikinsa ana ganin saƙa kamar tabarmar da aka rufe da gilashi. Gaskiya yana da kyau, ba zan ɓoye ba.

Modu ya ce, "Mama, wannan ba ya tsatsa. Yana shanye girgizar hanya, hannun Baba ba zai yi ciwo ba. Kuma ya fi ƙarfe ƙarfi."

Na ce, "Ina ake ɗaura kariyar gaba?"

"Ba a ɗaura masa kariya."

"In ya lanƙwashe fa?"

"Ba ya lanƙwashewa."

"In ya karye, mai walda zai liƙa?"

"A'a, wuta cinye shi take yi. Sai dai a sayi wani."

"A ina?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Turai."

Na warware zanena na jera shi da namu karyayye. Wuyan karbon ya fi kauri, kuma sumul yake, babu zaren da ake murɗa noti a kai. Modu ya ce wannan ba matsala, za a iya gogewa da magagari a tura. Sai ya laluba ƙarƙashin tebur ya jawo wani na ƙarfe, tsoho, koren fentinsa ya ɓare, nauyi kamar alhaki. Wuyansa da na namu kamar uwa ɗaya ta haife su, ga ramukan kariya a ƙafafunsa. Ya ce wannan in ya gaji lanƙwashewa yake yi, ya yi ƙara, ya ba mutum labari kafin ya karye, kuma kowane mai walda ya san maganinsa.

Kowa ya ga wanda ya dace da keken dako. Ni ma na gani. Amma na tsaya da su biyun a hannu na kasa. Na tuna in Baban Fanna ya dawo daga yashin nan, hannunsa rawa yake yi, sai na riƙe masa buta. Na kuma tuna rantsuwarsa. In na koma babu karbon, tabarma ta ci gaba, dako ya tafi. Na ce a raina karbon zan saya, a goge wuyan, kaya kuma a ɗora su duka a baya.

Sai dai ni ba na sayen abin da ban gwada ba. A wajenmu in za ki sayi fartanya ko gatari, bugawa kike yi a dutse ki saurara. Mai kyau ya yi kuka mai tsawo, mai algus ya yi gum. Uwata haka take yi, kakata haka take yi. A bakin rumfar akwai wani guntun ƙarfen mota da Modu ke daddaga abubuwa a kai. Shi kuma ya juya yana zuba mana shayin nan nasu na wanka. Na ɗaga na ƙarfen na buga. Ya yi kuka har mai nama ya waiwayo. Na ɗaga karbon. Mutumin nan da bakinsa ya ce ya fi ƙarfe ƙarfi, saboda haka ban rage hannu ba.

Ƙarar da ya yi irin ta busasshen gora ce in jaki ya taka. Ƙafa ɗaya ta tsage, wasu baƙaƙen zare suka fito kamar gemun masara. Modu ya juyo da moɗa a hannu, shayi yana zuba a kan takalminsa bai sani ba.

Ya ce, "Mama, me na yi miki?"

Na ce, "Kai ka ce ya fi ƙarfe."

"A kan hanya nake nufi, ba a maƙera ba."

Kafin ka ce kwabo kasuwa ta taru. Masu cewa in biya, masu cewa yaro ya yi ƙarya, masu neman a ba su su taɓa kawai. Ya Falmata ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga zazzaga Barbarci da sauri har ni na daina ganewa. Haka aka rankaya da mu wurin sarkin kasuwa, ni a gaba da furshi uku a hammata.

Sarkin kasuwar wani tsoho ne mai jan gemu, yana zaune yana ɓare gyaɗa. Ya saurari kowa bai daina ɓarewa ba. Ya karɓi karbon ɗin ya auna a tafin hannu, ya ce wannan ai ko kare aka jefa da shi ba zai ji haushi ba. Ya tambayi Modu ko ya ce ya fi ƙarfe. Modu ya ce ya ce. Ya tambaye ni ko an ce in buga. Na ce ba a ce ba, ba a kuma hana ba. Ya tambayi Modu tun da ya rataye shi mutum nawa suka taya. Modu ya sunkuyar da kai ya ce zuwa ake yi a taɓa a tafi.

Tsohon ya hure ɓawon gyaɗa ya ce, "Kai ka yi yawan baki, ke kin yi yawan hannu. Baƙuwa za ta tafi da fasasshen, tunda ita ta yi masa suna. In ta koma ta aiko maka da tattasan Diffa mai kyau, ka huce. Na ƙarfen kuma za ta saya a kuɗin da ka faɗa da farko, ba tayi."

Na ce, "Baba, a ƙara tattasan, a bar mini tayi."

Ya ce, "Ai shi ne hukuncin."

Modu ya faɗi kuɗi. Bakina ya buɗe da kansa. Ya Falmata ta sa tafin hannu ta rufe shi, da ɗayan hannun ta zaro lalitata ta biya. Na sha faɗuwa a kasuwa, na sha ruwa ya jiƙa mini kaya, amma ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba. Modu da kansa ya ji tausayina, ya raka mu har bakin hanya yana cewa in gaida Baba.

Dawowa ba wani labari. Jirgin nan ne, kwarfar nan ce. A shinge na sake samun sojan nan, ya buɗe zane ya ga uku, ya ce, "Maman, haihuwa suke yi?"

Na iso gida da la'asar. Baban Fanna yana kan tabarma yana koya wa Fanna tsintar shinkafa, yarinyar da ta yi aure ta haihu, ta zo taya ni tsaron gida. Na gaishe shi. Na zaro karbon ɗin na ajiye a gabansa, gefen mai lafiya a sama.

Na zaci zai yi murna. Fuskarsa ta yi kamar yaron da aka shigo da shi ɗakin allura. Ya ce, "Kin samo." Muryar ba ta fita sosai ba. Ya ɗauka ya juya, ya ga tsagar. Nan take fuska ta washe, har gurbin haƙorin nan ya bayyana.

"Ayya, ya tsage. To sai haƙuri. Sai mu jira wani."

A nan maganar Ya Falmata ta faɗo mini, sandar da ba ta da gaɓa. Mutumin nan ba karbon yake so ba. Abin da ya tabbata ba za a samu ba ya nema. Tun ranar da ƙasa ta tashi ta mare shi, tsoron keken yake ji, kuma ya gwammace ya mutu a kan tabarma da ya faɗa wa 'yan fada haka.

Zagi ya cika mini baki, irin wanda na tara tun daga tsakiyar kogi. Na haɗiye. Wannan ya fi sayayya ba tayi wuya. Na shiga zaure na jawo keken a kan taya ɗaya har wurin mai gyara, na tsaya a kansa ya ɗaura koren furshin, ya mayar da kariya, ya sa mai a sarƙa.

Da safe na jingine keken a ƙofar gida na leƙa ciki na ce, "Baban Fanna, an ci ni tarar tattasai a Damasak. Gonar Alhaji Mele zan je in zaɓo. Ƙafafuna sun kumbura, zo ka kai ni."

Ya ce bayansa. Ya ce taya ba iska. Ya ce bai karya ba. Na fita na tattara zane na haye kariyar baya, a bakin titi, maƙwabta suna shara. Keken ya fara karkata. Na ce da ƙarfi ni dai ba zan sauka ba, in na faɗi a faɗa wa dangina mijina yana tsaye. Ya fito da gudu ba hula ya cafke kan keken.

Muka tsaya haka, ni a zaune, shi yana riƙe. Ya sunkuyo ya yi magana yadda ba mai ji sai ni.

"Hajara, in na sake faɗuwa fa?"

Na ce, "Sai mu faɗi tare. Ka yi dabara in riga ka isa ƙasa, ka samu katifa."

Ya daɗe yana kallon tayar gaba. Ya danna kan keken da ƙarfi, furshin bai ce komai ba. Ya yi bisimilla ya ɗaga ƙafa.

Farkon tafiyar kamar ta maye. Muka nufi kwata, muka fasa, muka nufi wata akuya, ita ta fasa. Na riƙe rigarsa har maɓalli ya tsinke. Da muka zo fada mutanen suka miƙe da kofunan shayi a hannu, wani ya ɗaga murya, "Karbon ne ko ƙarfe?" Baban Fanna ba shi da numfashin amsawa. Ni na amsa, na ce su zo su buga a dutse su ji.

Bayan gari keken ya daidaita. Na ji bayansa ya saki. Amma da muka doshi gangaren nan mai yashi sai ya fara rage gudu, ƙafarsa tana neman ƙasa. Na mintsine shi a haƙarƙari na ce, "Taka." Ya taka. Tayar gaba ta nutse, ta yi rawa, ta fito. Na ji yana wani ɗan tari mai kama da dariya.

Mun tarar an fara tsinka. Tattasai a shanye ja wur, mata suna cika buhuna, ga wani saurayi da kekensa a gefe yana jiran a ce masa ɗauka. Alhaji Mele ya dube ni ina saukowa da ƙyar, ya dubi keken, ya dubi Baban Fanna da ke zufa ba hula.

Ya ce, "Wanda ya kawo wannan kaya lafiya, buhu ba zai gagare shi ba. A loda masa."

Na so in ba shi amsa, na tuna dako muka zo nema. Aka ɗaura buhu a gaba, aka ɗaura a baya, har ba a ganin sirdi sosai. Baban Fanna ya ja igiya ya gwada ƙulli da kansa, ya haye. Sai a lokacin na lura babu wurin da zan zauna.

Na ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Kaya sun cika. Ki biyo a hankali."

Ya taka ya tafi, ko waiwaye babu. Na ɗora ƙullin tattasan Modu a ka na bi sawun tayarsa a ƙasa, rana tana dukana, ƙafafun da na yi ƙaryar sun kumbura suka kumbura da gaske. Na zage shi tun daga bakin kogi har kwalta. Amma ina gaya muku, tun da aka kai ni gidan mutumin nan ban taɓa jin daɗin ganin ƙeyarsa kamar ranar ba.